Kafsol ja-da-yalo da abin da ke zaune a hanjinmu

Shekara huɗu na yi ina tsaron kemis a Daura kafin na koma karatu Katsina. A lokacin, da mutum ya ce cikinsa na murɗa, sai in ƙirga masa Flagyl ko kafsol ja-da-yalo, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, in ƙulle a leda. A tunanina duk ƙwayar da ke cikin hanji cuta ce, kashe ta ne magani.

A aji jikina ya yi sanyi. Ashe babban mutum yana ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, yawancinsu a babban hanji, kuma hidima suke yi mana. Su ke cinye dusar gero da ɓawon wake da zaren ganyen zogale da ciki ba ya iya narkarwa, su fitar da sinadarin da ke ciyar da bangon hanji, yana kwantar da kumburi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa bai san ɗan gida ba, bai san baƙo ba. Idan ya share su, miyagun su samu fili, wani lokaci ma zawo mai tsanani ya biyo baya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shanyewar ɓarin jiki, domin ita ta kwantar da kawuna. A 2011 Dakta Stanley Hazen da abokan aikinsa a Cleveland ta Amurka suka nuna cewa wasu ƙwayoyin hanji suna sarrafa wani sinadari da ke cikin gwaiduwar ƙwai da nama, hanta ta mayar da shi wani sinadarin da ake kira TMAO. A 2016 suka gano TMAO yana sa jini saurin daskarewa. Gudan jinin nan in ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, shi ke nan, hannu da ƙafa sun saki. Ban ce kafsol ne ya kayar da Kawu ba. Hawan jini ne kan gaba, kuma ya daɗe da shi. Amma yanzu na san da hannun hanji a lamarin, ni kuwa na yi shekaru ina yamutsa na jama'a.

Da na je hutu, wani dattijo ya miƙo mini naira ɗari biyar. "Yarona, ba ni ja-da-yalo."

"Baba, tun yaushe cikin yake? Akwai jini ko zazzaɓi?"

Babu ko ɗaya, jiya ya fara. Na ba shi ruwan gishiri da sukari, na roƙe shi ya zauna in auna jininsa. Ya hau sosai. Na rubuta masa takarda ya kai asibiti.