Chris Squire ko Geddy Lee?

Jiya musu ya kaure tsakanina da abokina kan gwanayen jitar bas a kiɗan progressive rock, wani salo na kiɗan rock. Shi Geddy Lee na ƙungiyar mawaƙa ta Rush yake yi, wai ga waƙa, ga bas, ƙafa kuma tana taka fedar kiɗa. Gwani ne, ba ja.

Ni dai Chris Squire na ƙungiyar Yes ne nawa. Sa belun kunne ka ji jitar bas ɗinsa ƙirar Rickenbacker: da 'yar roba yake bugun tsirkiya, sautin ya fito da kaushi, ya wuce gaba yana jan waƙar, ba ya laɓewa bayan ganga. Ya rasu a 2015. Da aka karrama Yes a 2017 kuwa, Geddy ɗin ne ya hau dandamali ya riƙe musu bas.