Gwaggon biri ya sace mini mataki na uku

Tun ina yaro a Karantina ta Jidda nake son ɓoye abu in sa a nema, har Iya takan ce wata rana kaina zan ɓoye in rasa inda na ajiye. Sai da na girma na gano ashe masu irin ciwona suna da yawa. A watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da gangan, ranar 3 ga watan kuwa wani mai suna Dave Ulmer ya ajiye bokiti a jihar Oregon, ya sa lambobin wurin a intanet, ya ce mai iko ya nemo. Daga nan wasan ya bazu, ana kiransa geocaching. Mu a gidanmu farautar ajiya muke ce masa.

Hunturun da ya wuce na shirya wa samarin danginmu doguwar farauta: matakai biyar, daga tsohon garin Jidda, a bi ta Bahra, a hau tsaunin Hada, a ratsa Ɗa'ifa, a ƙare a bakin ramin Wahba, tafiyar kilomita sama da 400. Kowane mataki yana riƙe da lambobin na gabansa. Na ari ƙa'idojin Geocaching.com, shafin masu wannan wasa a intanet, ko da yake ban sa tawa a can ba: ba a binne akwati, ba a sa abinci a ciki. Na ƙara tawa: babu ajiya kusa da shingen jami'an tsaro ko ginin hukuma, babu ajiya a cikin kwari. Wanda ya ga ambaliyar Jidda ta 2009 ba ya wasa da hanyar ruwa.

Mataki na farko ya tafi lami lafiya, don babu akwati a cikinsa. Shekarar da ke rubuce a allon ƙofar wani tsohon gida za a karanta a cike gurbin lambobi.

A na biyu ne wayona ya fara cin amanata. Da lambobin Larabci na rubuta takardar, yadda hannuna ya saba. Ɗan ƙanwata kuwa bai daɗe da zuwa daga Kano ba, shi ke riƙe da waya. Shida ta Larabci kamar bakwai ta boko take, biyar kuma kamar sifiri. Ya ga shida ya danna bakwai, a gurbin minti, wato sashen lambobin GPS da ke bin digiri. Minti ɗaya a layin arewa kusan kilomita biyu ne. Sai ga kira: "Kawu, anya kuwa? Mu fa ga mu tsakiyar garken raƙuma, mai su yana ta kallonmu." Na yi dariya har da hawaye, amma laifin nawa ne. Sau uku na gwada hanyar, duk da idona na gwada ta, idon da ya riga ya san amsa.

Na uku shi ya fi ci mini rai. Akwatin na saka shi a tsagar dutse, ɗan nesa da inda masu mota ke tsayawa suna jefa wa birai ayaba. Babu abinci a ciki, gaskiya ne, sai dai tsohuwar robar dabino ce, na ɗauraye ta sama-sama. Hancin gwaggon biri ba ruwansa da ɗauraya. Samarin sun tarar da murfin ja a gefe, da sawun haƙori a jikinsa, takardar kuwa ko ƙyallinta. Ni ina Jidda, su suna kan tsauni hazo na saukowa. Dole na tura musu lambobin ta WhatsApp, wasan da na yi wata biyu ina ƙullawa ya koma aike.

A gajeriyar farauta idan akwati ya ɓace ka taka ka mayar. A doguwa, mataki ɗaya ya faɗi, duk na bayansa sun mutu, mutane kuma sun riga sun ƙona mai. Shi ya sa da na sake shiri na rage akwatuna zuwa biyu. Sauran matakan na ɗora su a kan abin da ba ya motsi, ko ƙaramin faranti na alminiyon da na kankara lambobi a kai na ɗaure da waya, don robar banza ba ta jure ranar Hijaz. A ƙasan kowace lamba ina rubuta jimillarta, wanda ya karanta ba daidai ba zai gane tun bai tayar da mota ba. Kowace mota kuma da ambulan na amsa a liƙe, ba a buɗewa sai an cije. Na kuma tanadi zagaye ta Sailul Kabir, ɗaya hanyar zuwa Ɗa'ifa, saboda ranar da aka rufe hanyar Hada.

Karo na biyu sai na bi su a baya, bakina a rufe. Gab da magariba suka isa Wahba, farin gishirin ƙasan ramin yana ɗaukar ido. Ɗan ƙanwata ne ya zaro akwatin ƙarshe. Ya buɗe littafin, ya ɗauki fensir, ya rubuta kwanan wata da lambobin Larabci, ya miƙo mini.

"Kawu, karanta mu ji. Shida ce ko bakwai?"