Mako na tara: ƙasan jirgi iri uku a tafki ɗaya

'Yan uwa masu koyo, sannunku da ƙoƙari. A wannan makon na kai ƙananan jiragena uku ruwa. Kowanne tsawonsa mita 1, na sassaƙa su daga katako ɗaya, na kuma daidaita nauyinsu da ƙusoshi, don kada su bambanta a komai sai siffar ƙasansu: ɗaya mai kumburin ciki kamar ƙwarya, ɗaya shimfiɗaɗɗe, ɗaya mai kaifi kamar harafin V. Na ɗaura wa kowanne zaren fatsa ina ja daga bakin tafki.

Mai kumburin cikin ne ya fi ɗaukar hankalina. In ana tafiya a hankali ba ya da na biyu, yatsa ɗaya ya isa ya ja shi, ruwa na buɗe masa hanya ba ƙara. Amma da na ɗaga ƙafa, sai zaren ya yi tauri a hannuna. Na tsuguna na duba: igiyar ruwa ɗaya ta taso a hancinsa, wata a bayansa, tsakiya kuma ta yi rami. Gindinsa ya nutse, hancinsa ya ɗaga, kamar mai neman hawa tudun da shi da kansa ya tara. Iyakar gudunsa ke nan, kuma tsawonsa ne ya yanka masa ita. Ga lissafin: ku nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da tsawon jirgin a kan ruwa da mita, ku ninka ta da 4.5, sai ku sami kilomita nawa zai yi a awa kafin ruwa ya fara yi masa gardama. Nawa 4.5 ne, tafiyar ƙafa ke nan. Jirgin alfarma mai mita 30 kusan 25. Sai yanzu na fahimci abin da tsawo ya yi wa jirgin alfarma mai suna Azzam, wanda kamfanin Lürssen na Jamus ya ƙera a 2013: mita 180 ne, kuma yana wuce kilomita 55 a awa. Wannan gwaji da ƙananan jirage ba sabo ba ne, shi William Froude ya yi a Ingila, har ya gina kududdufin gwaji a Torquay a farkon shekarun 1870.

Shimfiɗaɗɗen bai ɓata lokaci ba, ina ƙara gudu ya haye saman ruwa yana sulɓi. Sai dai da iskar la'asar ta taso, ya riƙa dukan ruwa fal-fal har ƙusoshin ciki suka goce.

Mai kaifin shi na fi kashe wa lokaci, kwana shida ina gugar sa. Na ba kowane gefe karkata ta digiri 24, irin ta Moppie, jirgin da Ray Hunt ya zana, wanda ya ci tseren jiragen ruwa daga Miami ta Amurka zuwa Nassau ta Bahamas a 1960 cikin teku mai fushi. A cikin iskar nan ya yanka ruwa lami lafiya. Amma ya fi shimfiɗaɗɗen cin ƙarfi kafin ya hau sama, wato a babban jirgi ƙarin inji da ƙarin mai. Da na saki zaren ya tsaya kuwa, sai ya kama rangaji hagu da dama. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin jirgin shaƙatawa yakan daɗe a tsaye, mutane na cin abinci a samansa. Dalilin ke nan da ake sa wa na zamani fikafikai a ƙarƙashin ruwa, ko wata ƙatuwar ƙafa mai juyawa a ciki da ke hana shi rangaji.

A ganina, in don zama da doguwar tafiya ne, mai kumburin ciki zan ɗauka, in haƙura da gudu. Na riga na zana na huɗu, mai kaifi a gaba, yana bajewa a hankali zuwa baya, wanda ke tsaka-tsaki tsakanin mai kaifin da shimfiɗaɗɗen. Ku kuma in za ku gwada, ku yi fenti sau uku kafin ku sa a ruwa. Nawa shimfiɗaɗɗen sau ɗaya na yi masa, ya sha ruwa ya ƙara nauyi, dole in shanya shi in sake auna shi ranar Asabar.