Ranar da fistular mai wankin ƙoda ta yi shiru

Aikina tiyatar jijiyoyin jini ne, kuma yawancin masu zuwa wurina masu wankin ƙoda ne. Injin wankin yana zuƙar jini wajen mililita 300 a minti ɗaya, jijiyar hannu ta yau da kullum kuwa ba ta da wannan ƙarfi. Shi ya sa muke haɗa jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da mai mayar da shi, galibi a wuyan hannu, dabarar da likitoci Brescia da Cimino suka fito da ita a Amurka a 1966. Bayan mako shida zuwa takwas sai jijiyar ta buɗe ta yi kauri, a fara soka mata allura. Wannan haɗin shi ne fistula. In ka ɗora yatsa a kanta za ka ji tana diri ba tsayawa. Ranar da dirin ya ɗauke, ranar ake nemana.

Cikin zafin Afrilu aka kawo min wani dattijo da gudawa ta tsotse masa ruwan jiki, ƙarfin gudun jininsa ya yi ƙasa, fistularsa kuma ta yi shiru.

"Baba, tun yaushe ta daina motsi?"

"Tun shekaranjiya, likita. Na ɗauka za ta farfaɗo da kanta."

Na shafa jijiyar na ji ta sandare. Sikanin ya nuna jini ya daskare a ciki, ya kuma nuna abin da na fi zargi: daga bakin haɗin zuwa ɗan sama kaɗan jijiyar ta tsuke.

Ba a sa shi barci ba, allurar kashe zafi kawai muka yi wa wurin. Na tsaga jijiyar, na zura siririyar robar Fogarty mai balan-balan a baki, na hura, na jawo a hankali. Gudan jini ya riƙa fitowa baƙi wuluk kamar yankan hanta. Amma akwai wani ɗan fari-fari mai tauri da ke toshe bakin haɗin, in bai fita ba jini ba zai taho da ƙarfi ba. Da ya fita, sai na wanke ciki da ruwan heparin, maganin hana jini daskarewa.

A nan mai gaggawa zai ɗinke ya tafi shan shayi. Ni a ganina rabin aiki ke nan, domin gudan jini sakamako ne, tsukewar ita ce ciwon, kuma in an bar ta jinin zai sake daskarewa. Bangon wurin ya yi kauri, ƙofar ta koma ƴar mitsitsiya. Na ɗaure wannan yanki, na matsa sama inda jijiya ke da lafiya, na yi sabon haɗi da siririn zare mai lamba 7-0 ina duba ta gilashin ƙara girma. Da na saki matsewar, diri ya dawo. Tun da jijiyar sama ta riga ta buɗe ta yi kauri, an ci gaba da wanki da ita ba tare da an sa masa robar wanki a jijiyar wuya ba. Robar nan ina gudunta: tana kawo ƙwayoyin cuta, tana kuma tsuke manyan jijiyoyin ƙirji har hannu ya kumbura.

Da wuya fistula ta mutu ba sallama. Jini ya riƙa daɗewa bai tsaya ba bayan cire allura, ko inji ya yi ta ƙara, ko diri ya koma bugawa irin na zuciya, ko a ɗaga hannu sama jijiyar ta ƙi lafawa. Nas-nas na ɗakin wanki su suke fara ganin haka, don haka in ɗayarsu ta ce min "hannun nan bai yi min ba", nakan ajiye abin da nake yi in duba. In an gano da wuri, buɗa tsukewar da balan-balan kan wadatar, in akwai kayan aikin da kuɗinsa, ko da yake takan dawo.

Wata rigimar da marasa lafiya nake yinta. Sukan roƙi a soka musu allura wuri ɗaya don ya fi rashin zafi, sai bangon ya yi rauni ya kumbura. In fatar wurin ta fara sheƙi ko ta yi ɓawon da ya ƙi warkewa, ba na jiran gobe, a ranar nake shiga da mutum tiyata, don in ta fashe a gida jinin da zai zuba cikin ƴan mintuna ya isa ya kashe shi.