Daidaita girman tanka da jirgi da sojan wasan yaƙi na tebur

Ɗan sojan wasan yaƙi da milimita ake faɗin girmansa: 15, 20, 28. Tankar da za ta tsaya gefensa kuwa, da jirgin da zai bi ta kansa, da kaso ake rubuta nasu a jikin kwali: 1/100, 1/72, 1/48. Kaso lissafi ne tsayayye. In an ce 1/56, to kowane tsawo an raba shi gida 56 ne, ko wane kamfani ya ƙera. Milimita ba haka take ba, domin ta danganta da inda mai sassaƙa ya ɗora rula. Wasu suna auna daga tafin ƙafa zuwa ido, saboda hular kwano tana rufe tsakar ka, wasu kuma har ƙoƙon kai.

Ɗauki mutum mai tsawon mita 1.75, wanda idonsa ke wajen mita 1.63 daga ƙasa. Idan milimita 28 ɗin zuwa ido ce, raba 1630 da 28, ka samu kusan 1/58. Idan zuwa tsakar ka ce, raba 1750 da 28, ya ba ka 1/62. Sojoji da yawa da ake sayarwa yau da sunan 28 kuwa sun kai milimita 31 ko 32 tun daga ƙafa har ka, abin da ya faɗo daidai kan 1/56. Shi ya sa kamfanin Warlord Games, mai fitar da wasan yaƙin Bolt Action, da kamfanin Rubicon Models suke yin motocinsu a 1/56. Saboda haka kafin ka sayi mota ko ɗaya, zaɓi soja wanda yake tsaye cak, ba mai durƙuso ba, ka auna shi ba tare da faifan da aka kafa shi a kai ba, ka raba 1750 da abin da ka samu.

Gardamar da ba ta ƙarewa a wannan girma ita ce tsakanin 1/56 da 1/48, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Jif ɗin Willys ta Amurka tsawonta mita 3.36 ne: milimita 60 a 1/56, milimita 70 a 1/48. Tankar Sherman M4, mai gangar jiki mita 5.84, tana fitowa milimita 104 a na farko, 122 a na biyu. Bambancin tsawo kashi 17 cikin 100 ne, amma tunda faɗi da tsayi ma sun ƙaru, jikin gaba ɗaya ya ƙaru da kusan kashi 60. Ido yana kama wannan nan take.

To me ya sa mutane da yawa suke ganin motocin kamfanin Tamiya na 1/48 sun fi dacewa da sojan 28? Dalili biyu ne. Na farko, mai sassaƙa yana kumbura kai da hannaye da bindiga da gangan, don su yi sauƙin fenti kuma kada su karye, sai sojan ya fito kakkaura fiye da mutum na gaskiya. Na biyu shi ne faifai. Faifan roba yana da kaurin milimita 2 zuwa 3, sojan dalma kuma yakan zo da nasa ɗan gindin a haɗe. Milimita 3 a 1/56 daidai take da santimita 17 a zahiri. Sai ka ga soja yana leƙen saman motar da ya kamata ta kai masa kafaɗa, ka ɗauka motar ce ta yi ƙanƙanta, alhali sojan ne aka ɗaga.

Maganin wannan ba shi da tsada. Yanka katakon MDF mai kaurin milimita 3, ya ɗara motar da kamar milimita 5 ta kowane gefe, ka goge bakinsa ya zama gangare, ka manna motar a kai, ka zuba yashi da ciyawa irin na faifan sojojinka. A ganina 1/56 a kan faifai ita ce zaɓi mafi kyau, kuma ba don kyan gani kaɗai ba. A Bolt Action bindigar soja tana kai inci 24, wato santimita 61, wanda a 1/56 mita 34 ne kacal. Filin a matse yake tun asali. Tebur mai ƙafa 6 da ƙafa 4 in ka cika shi da tankokin 1/48, za su toshe hanya, su kasa wucewa tsakanin gidaje, su ba sojojin ƙasa mafakar da dokar wasan ba ta yi lissafinta ba.

Duk wanda ka zaɓa, kada ka haɗa iri ɗaya a girma biyu. Babbar motar kaya ta 1/50 kusa da tankar 1/56 tana wucewa, domin babu wanda ya haddace bambancinsu. Sherman biyu gefe da gefe, ɗaya 104 ɗaya 122, ba za su taɓa wucewa ba. Haka ma direba da kwamandan tanka: waɗanda ke zuwa cikin kwalin 1/48 dogaye ne sirara, kawunansu ƙanana. Ajiye su, ka yanke sojan 28 daga ƙugu, ka ɗan rage masa gefe da magagari har ya shige ƙofar saman tankar.

A ƙananan girma abin ya fi sauƙi. Sojan 20 yana tafiya da 1/72 ko 1/76, na biyun shi ne na tsofaffin motocin kamfanonin Airfix da Matchbox. Sherman milimita 81 ce a ɗaya, 77 a ɗayan, don haka dokar iri ɗaya girma ɗaya tana nan. Sojan 15 abokinsa 1/100 ne, irin na wasan Flames of War. Na sojan milimita 6 kuwa 1/285 ne a wurin kamfanin GHQ, 1/300 a wurin kamfanin Heroics & Ros. Motocin yara da ake ce wa 1/64 ka yi hattara da su, domin girman kwali ake bi wajen ƙera yawancinsu, sai ka ga bas da ƙaramar mota tsawonsu ɗaya.

Jirgin sama dokarsa daban ce, mataki ɗaya ƙasa da na motoci ake ɗauka. Faɗin fikafikan Spitfire, jirgin yaƙin Birtaniya, mita 11.23 ne: milimita 234 a 1/48, 156 a 1/72, 78 a 1/144. Stuka ta Jamus mai mita 13.8 tana kai milimita 288 a 1/48, ta rufe rukunin soja guda har ka kasa sa hannu ka motsa su. Jirgin da aka ɗora a kan sanda don ya zama kamar yana tashi ya fi kusa da idon mai wasa, kuma ƙanƙantarsa tana sa a ga kamar yana can sama. Don haka 1/72 ga sojan 28, 1/144 ga sojan 15. Sandar ta kai santimita 15 zuwa 20, ka manna zoben ƙarfe (washa) biyu ko uku a ƙarƙashin faifanta don nauyi, ka haɗa ta da cikin jirgin da ƙaramin maganaɗisu a daidai inda jirgin ke tsayawa a kan yatsa bai karkata ba. In ka kafa ta baya da wurin, hanci zai riƙa rinjaya. Amma jirgin da zai sauka ƙasa sojoji su tsaya a ƙofarsa, kamar helikwafta, dole ya bi girman motoci.

Mai firintar 3D yana iya fitar da girman da ya so: raba lambar asali da wadda kake nema. Daga 1/100 zuwa 1/56 kashi 179 ne cikin 100, daga 1/56 zuwa 1/72 kashi 78. In ka ƙara girma, sarƙar tanka da ƙusoshi za su fito a dunƙule. In ka rage, bututun bindiga mai milimita 1.5 zai koma wajen 1.2, ya lanƙwashe ko ya karye wajen cire matokaran da firintar ke tallafe shi da su, don haka gara ka yanke shi ka huda gurbin, ka sa siririn bututun tagulla a madadinsa.