Lissafin Zanzibar a littafin Auta

Asabar, bayan isha'i.

Yau na kwashi adashina, wata goma cur ina zubi. Da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗauko tsohon littafin lissafin Auta, na ce wa Abban yara yau sai mun tsayar da maganar zuwa Zanzibar, tsibirin nan na Tanzaniya. Shekara uku ke nan muna "baɗi in Allah Ya kai mu". Ni kuwa ga ni na doshi arba'in ban taɓa ganin teku ba, iyakar ruwan da na sani shi ne dam ɗin Tiga.

Da zaɓen watan tafiya muka fara. Shi Afrilu yake so, ashe daga Maris zuwa Mayu can ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Muka koma Agusta: yara na dogon hutu, tsibirin kuma ba ruwa, ba zafi sosai. Hanya biyu ce. Ko dai Ethiopian daga Kano zuwa Adis Ababa mu canza jirgi har tsibirin, ko mu sauka Darussalam mu shiga jirgin ruwa, tafiyar awa biyu. Da jin haka ya ce shi ko kwalekwale bai taɓa hawa ba, ba kuma da furfura zai fara ba. Na soke wannan.

Inda jikina ya yi sanyi shi ne ƙananan kuɗaɗen da ba a gani a hoto. Tun Oktoban 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorarsu, dala 44. Ga biza, wadda mu 'yan Najeriya sai mun nema tun daga gida mu jira amsa. Ga katin allurar shawara. Ina juya dala zuwa naira, kwana bakwai suka koma biyar. Can kuma na ga Abban yara ya ja layi a kan sunayen manyan yaran biyu, wai su yi hutu a gidan Hajiya. Ban ce komai ba, amma ban goge layin ba.

Wurin kwana kam ban saurara masa ba. Paje ya fi so, wani ƙauye a gabar gabas, ni kuwa na ji a can ruwa kan janye ya yi nisa, har mata su shiga gonakinsu na ciyawar teku. Haba, in biya wannan kuɗi in je in tarar teku ya tafi unguwa? Nungwi nake so, can arewa, inda ruwan ba ya gudu haka. Dare ɗaya kuma a tsohon gari, Stone Town, mu ci gasasshen kifi a kasuwar dare ta Forodhani, da safe Auta ya je tsibirin Changuu ya ga manyan kunkuru.

Da la'asar Hajiya ta kira, ashe ɗanta ya riga ya fesa mata. Ta ce, "Ke 'yar nan, wannan kuɗi ba gara Umra ba?" Na ce, "Hajiya, da gaskiyarki, ita ma tana nan tafe da yardar Allah." Na faɗa mata yawancin mutanen can Musulmi ne, har Alhamis ma Alhamisi suke cewa, kuma ƙasar kanumfari ce. Ta yi shiru, sannan ta ce to in mun je a auno mata mudu biyu.

Yanzu da na buɗe akwati in duba fasfo, sai na ga nawa zai ƙare a Nuwamba, su kuma sai wanda ya rage masa wata shida suke karɓa. Abban yara ya yi barci, bai sani ba tukuna. Na buɗe sabon shafi a littafin Auta, na rubuta "Litinin, fasfo", ban sa kuɗi a gabansa ba.