Asabar: rimot ɗin Futaba daga kwalin gwanjo

Yau ban fita da wuri ba, sai wajen goma na safe ƙanena ya kira ni yana ta sauri wai Yaya ka zo shagon Baba yanzu yanzu. Ashe wani abokinsa mai kawo kayan lantarki na gwanjo daga Legas ne ya buɗe kwali, cikin tarkacen caja da tsofaffin rediyon mota sai ga wani rimot mai sanda biyu da doguwar eriya, shi ya ɗauka na motar wasan yara ne har zai kai wa ɗansa, ƙanena kuwa da ya san yadda nake son harkar ƙananan jirage yace a ajiye min. Ina zuwa na ga sunan a jiki, Futaba, samfurin Skysport 4, da risibarsa, wato na'urar da ake sawa cikin jirgi ta karɓi saƙon rimot, da sarbo guda uku S3003, ƙananan injinan da ke motsa jela da fukafukan jirgin, duk a ɗaure da roba cikin leda ɗaya. Wallahi sai da gabana ya faɗi don murna, ban ma tsaya dogon ciniki ba na biya.

Abin daga Ingila ya fito, na gane ne sabida ƴar tuta ruwan lemo da ke maƙale a eriyar an rubuta 70 a kai, can haka suke yi wa masu aiki a zangon megahaz 35 wanda aka ware wa jirage kaɗai. Na zaro kiristal ɗin da ke gaban rimot, wani ɗan ƙarfe bai kai girman farce ba wanda shi ke tsayar da lambar zangon da rimot zai yi aiki a kai, 35.100 a jikinsa, na duba na risiba shi ma lamba ɗaya. Batir ɗin ciki ya daɗe da mutuwa, shekaru ne, don haka muka jera ƙananan batir takwas muka jona, allurar mitar gaban ta tashi, na taɓa sandar dama a hankali sai na ji zzzt, sarbo ya juya daidai gwargwadon yadda na tura, na sake ta ya dawo tsakiya cak ba rawa ba kakkarwa. Na ƙara turawa rabi ya tsaya a rabi. Na daɗe a tsaye ina yin haka.

Baba yana gefe da gilashinsa a kan hanci yana fama da wata rediyo, ya ɗago yace kai wannan kuma aikin su wane ne, nace Baba mutanen Japan ne, kuma abin da zai ba ka mamaki da bawul ɗin rediyo suka fara. Sai ya ajiye abin hannunsa. Ya jawo durowar ƙasa wadda ba ya bari kowa ya taɓa, ya fito da wani bawul naɗe a tsumma, kwalba ce ƴar ƙarama kaman yatsa da ƙafafun ƙarfe a gindi, samanta da wani baƙi-baƙi mai sheƙi daga ciki. Yace irin wannan kake nufi? A lokacin da suna koyon aiki, in ji shi, in ka kunna rediyo sai ka jira ta yi ɗumi tukun kafin ta yi magana, kuma mai gyara da bayan hannu yake gane bawul ɗin da ya mutu, wanda ya ji da sanyi shi ne.

Toh daga nan hira ta ɓarke, ni ina ba shi abin da na karanta a kan kamfanin, shi yana ba ni abin da ya gani da idonsa a sana'a. A 1948 aka kafa Futaba a wani gari Mobara da ke lardin Chiba gabas da Tokyo, shekara uku kacal da gama yaƙin duniya na biyu, ƙasa a rushe mutane na neman rediyon da za su ji labari. Garin kuma ba a banza aka zauna a cikinsa ba, yankin na da iskar gas a ƙarƙashin ƙasa, aikin narka gilashi kuwa wuta yake ci, ga Hitachi ma na da babbar masana'antar bawul a nan, wato akwai masu hannu a aikin tun kafin su. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne a ƙarshen 1947 aka ƙirƙiro tiransista, ɗan ƙaramin abin da ya maye gurbin bawul, a ɗakin binciken Bell Labs na Amurka, aka sanar wa duniya a 1948, kenan shekarar da suka buɗe ƙofa abin da zai kashe musu kasuwa ya riga ya zo duniya. Zuwa 1955 Sony ta fito da rediyo mai tiransista. Baba ya girgiza kai yace ai mun ga wannan, masu gyara da yawa da suka ƙi koyon sabon aiki haka suka zauna shago ba kowa.

Su Futaba ba su zauna ba. A 1962 suka fara ƙera na'urorin sarrafa ƙananan jirage ta rediyo, a shekarar kuma suka shiga yin sassan ƙarfe na injinan buga kaya a masana'antu, wanda har yau babban ɓangare ne na cinikinsu, mu masu wasa da jirage ne kawai muke zaton rimot ne duk aikinsu. Ilimin bawul ɗin ma bai tafi a banza ba, wajen 1970 suka juya shi zuwa wannan sikirin mai lambobi kore-kore masu haske, wanda duk wanda ya taso da bidiyo mai kaset ko tsohuwar kalkuleta ko agogon dashbod ɗin mota ya san shi. Shi ma kwalbar gilashi ce da aka zuƙe wa iska, da siririyar waya mai ɗumi a ciki, bawul ne dai aka baje shi ya zama allo. Da na faɗa wa Baba haka sai ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da wata matacciyar bidiyo ya ɓalle gabanta, muka haska tocila, ga siraran wayoyin nan kwance a kan lambobin. Yace shekara nawa ina canza wannan abin ban taɓa kallonsa a matsayin bawul ba. Gaskiya wannan lokacin ya fi min sayen rimot ɗin daɗi.

Bayan azahar an ɗauke wuta, zafi ya hana aiki, sai muka fito da benci ƙarƙashin rumfa ni da ƙanena ina yi masa bayanin me ya sa motsin sarbo ɗin nan ya burge ni haka, don shi a drone ɗin zamani ya buɗe ido bai ga wani abin mamaki ba. Nace masa kafin a kai ga wannan, rimot maɓalli ɗaya gare shi, a cikin jirgin kuma roba ce ake murɗawa take juya wani ɗan ƙarfe, ka danna sau ɗaya jela ta karkata dama gaba ɗaya, ka danna sau biyu ta koma hagu gaba ɗaya, babu kaɗan-kaɗan, in robar ta gama warwarewa a sama kuwa sai dai ka bi jirginka da ido da addu'a. A farkon shekarun 1960 ne wasu Amurkawa, Doug Spreng da Don Mathes, suka fito da dabarar aika ɗan bugun lantarki wanda tsawonsa ke gaya wa sarbo inda zai tsaya, gajere ya yi gefe ɗaya, dogo ya yi ɗaya gefen, matsakaici ya tsaya tsakiya. Kamfanonin Amurka irin su Kraft na Kalifoniya su suka fara cin kasuwar, mai shi Phil Kraft har gasar duniya ya ci a 1967. Amma kayan da tsada, sai masu hali. Abin da mutanen Japan suka yi, Futaba da Sanwa da JR daga baya, shi ne suka yi ta ƙera shi da yawa, mai aminci, a farashin da ma'aikaci zai iya tarawa ya saya, Futaba ta buɗe reshe a Amurka a 1973, kafin ƙarshen shekarun 1980 kuwa yawancin tsofaffin sunayen Amurka sun ɓace daga kanti. Ni a ganina nan ne girman kamfanin yake, ba su suka ƙirƙiro dabarar ba amma su suka sa ta shiga hannun talaka.

Ƙanena ya tambayi amfanin tutar nan mai lamba 70, nace ai ita ce rai. A wancan tsarin in mutum biyu suka kunna rimot a lamba ɗaya, siginar ta cakuɗe, jirgin da ke sama sai ya faɗo, aikin wata da watanni ya tarwatse a gabanka. Shi ya sa kowane filin wasan jirage yake da allo da ƴan maƙalai na shanya kaya masu lambobi, sai maƙalin lambarka na hannunka za ka kunna, in wani ya riga ka sai ka zauna jira kaman layin famfo, sai mai bokitin gaba ya cika ya ɗauke. Wannan wahalar ba Futaba ce ta fara kawar da ita ba, Spektrum ta Amurka ce ta riga kowa fito da tsarin gigahaz 2.4 wajen 2004 zuwa 2005, inda rimot da risiba ke gane juna su kaɗai ba ruwansu da na kusa. A daidai lokacin Futaba na ji da 14MZ ɗinta, rimot mai sikirin kala da ake taɓawa da yatsa har da manhajar Windows CE a ciki, amma dai a tsohon zango yake aiki. Sai daga baya kaɗan suka fito da nasu tsarin FASST mai tsalle daga tasha zuwa tasha cikin ƙiftawar ido. Sun makara, wannan gaskiya ce, amma da suka zo sun zo da abu mai kyau.

Daga nan kuma kasuwar ta ƙara juyawa, kamfanonin China suka shigo da araha, FrSky ta fito da Taranis a 2013 mai manhajar da kowa zai iya gyarawa, ga FlySky da yawancinmu muka fara da ita, ga RadioMaster yanzu. JR da ta yi shekaru tana kafaɗa da kafaɗa da Futaba ta durƙushe a ƙarshen 2017, Hobbico da ke raba kayan Futaba a Amurka ita ma ta karye a 2018. Raina ya sosu da na tuna JR, don masu jirage masu saukar ungulu sun so ta ƙwarai. Futaba dai na nan tana yi, kuma ina jin sauran sana'o'in da ta riƙe tun 1962 sun taimaka mata, ba kan rimot kaɗai ta jingina ba.

Ƙanena yace toh Yaya in haka ne ai zamaninsu ya wuce, wa zai sayi rimot mai tsada alhali ga na China da ke yin komai. Ban yi masa musu a kan kuɗi ba, ni kaina FlySky nake riƙewa don ita aljihuna ya kai. Amma nace ya ɗauko drone ɗinsa ya duba ƙaramin allon da ke tsakiya, wajen da wayar risiba ke shiga, me aka rubuta. Ya kanne ido ya karanta, SBUS. Nace toh wannan na Futaba ne, su suka fito da shi don waya ɗaya ta ɗauki umarni iri 16 daga risiba maimakon kowane umarni da wayarsa, sauran kamfanoni suka ɗauka suka yi ta amfani da shi har ya zama ruwan dare. Shiru ya yi yana jujjuya abin a hannunsa.

Da la'asar wuta ta dawo na zauna gwajin da nake ta ɗoki tun safe, wato ko sarbo ɗin nan za su yi aiki da risibata ta yanzu. Filogin Futaba na da wani ɗan kunne a gefe don kar mutum ya soka shi a juye, wayoyinsa fari da ja da baƙi, ramin risibata kuma ba shi da gurbin kunnen, sai na sa reza na shafe shi a hankali, na tabbatar baƙar waya na ɓangaren da ya dace, na soka. Ya amsa nan take. Sarbo da aka ƙera tun ana yayin kiristal yana karɓar umarni daga risibar China ta gigahaz 2.4 ba gardama, sabida bugun lantarkin nan na shekarun 1960 har yau shi ake aikawa. Na kama hannun sarbo ɗin da yatsa ina hana shi juyawa, na ji yana turo ni da ƙarfinsa, giyar ciki ba ta zame ba ko kaɗan.

Matsala ɗaya, biyu daga ciki ba su zo da hannayensu na roba ba, na gwada waɗanda nake da su suka ƙi zama, don kan sarbo na Futaba haƙora 25 gare shi, na JR da Sanwa 23, na Hitec 24, ido ba ya ganin bambancin sai ka zo dannawa. In ka matsa da ƙarfi zai shiga amma haƙoran za su cinye, a sama kuma ya zame maka. Don haka na tura wa mai kawo min kaya saƙo ya haɗo min da masu 25 a odar da ke tafe. Biyu za su shiga jirgin fom ɗin da nake haɗawa, ɗaya a jelar da ke juya shi ɗaya a mai ɗaga hancinsa, na ukun zan ajiye. Rimot ɗin kuwa Baba yace a bar masa shi a shago zai buɗe bayansa gobe in Allah ya kai mu, yana so ya ga yadda suka jera kayan ciki da irin dalmar da suka yi aiki da ita.